Nazarin lamari: sauya katin fayafayai da ƙara katin sadarwa a gungun sabobi uku masu Ceph

Gungun da ake magana a kansa na wata cibiyar karatu ne a arewacin Najeriya. Sabobi uku ne ƙirar Dell PowerEdge R740xd, suna tafiyar da Proxmox VE 8, manhajar da ke gudanar da VM, wato kwamfutocin manhaja da ke zaune cikin saba, ajiyarsu kuma Ceph ce, manhajar da ke rarraba kwafin bayanai tsakanin sabobi, da aka shimfiɗa a kan fayafayan sabobin su kansu. Kowace saba tana da fayafayan SSD takwas na SATA, kowanne terabayit 1.92, da RAM gigabayit 256, da katin BOSS mai ɗauke da M.2 biyu inda tsarin aiki yake zaune. Katin sadarwar da suka zo da shi mai ƙofa huɗu ne: biyu na gigabit 10 a kan Intel X710, biyu na gigabit 1 a kan I350. Ceph da zirga-zirgar VM suna kan ƙofofin gigabit 10, Corosync kuma, wato abin da sabobin ke jin numfashin juna da shi, yana kan na gigabit 1. Sabobi biyu na farko sababbi aka saya. Ta uku gwanjo ce da aka kawo daga baya, CPU ɗaya gare ta, alhali 'yan'uwanta biyu-biyu gare su.

Matsalar ta samo asali ne tun ranar kafawa. Sabobin sun zo da katin RAID, PERC H730P, sai aka mai da kowane faifai RAID 0 shi kaɗai don Ceph ta gan shi. Hakan yana aiki, amma da tsada. Katin yana ɓoye lafiyar faifai, sai an bi ta smartctl -d megaraid kafin a karanta SMART, rahoton da faifai ke bayarwa kan lafiyarsa. Umarnin TRIM, wanda ke shaida wa SSD sararin da ya zama fanko, ba ya isa ga faifan. In faifai ya mutu da sauran bayanai a ma'ajiyar wucin gadi ta katin, saba tana iya tsayawa a tsakiyar kunnuwa tana jiran wani ya zo ya danna maɓalli. In batirin katin ya raunana kuwa, sai ya daina riƙe rubutu a ma'ajiyarsa, saurin saba ɗaya ya faɗi, kuma a Ceph rubutu ba ya kammala sai dukkan kwafinsa sun sauka, don haka jinkirin saba ɗaya jinkirin kowa ne. Wannan na ƙarshe shi ya sa aka yanke shawarar aiki: a cire PERC a sa HBA330, wanda ke miƙa faifai kai tsaye ba tare da shiga tsakani ba, a kuma ƙara katin gigabit 25 mai ƙofa biyu, ConnectX-4 Lx, a kowace saba.

Mai tambaya zai ce H730P ai yana da yanayin HBA, me ya sa ba a juya shi kawai ba? Ana iya yi, kuma da yawa suna zaune a haka lafiya. Sai dai direbansa yana nan megaraid_sas, manhajar cikinsa kuma ta RAID ce da duk nauyinta. HBA330 an gina shi a kan SAS3008, direbansa mpt3sas, ba batir, ba ma'ajiyar wucin gadi, shi ne kuma Dell ke sa wa sabobin zamanin R740xd da aka tanadar don manhajojin ajiya irin su vSAN da Storage Spaces Direct. Tunda ko ta wace hanya aka bi sai an rushe OSD, wato ma'aikacin Ceph da ke kula da kowane faifai, an sake gina su, gara a yi wahalar sau ɗaya a kan katin da ya dace.

Lissafin da ya tsara wanne za a fara

Kowane bayani yana da kwafi uku, ɗaya a kowace saba, kuma mafi ƙarancin kwafin da Ceph za ta yarda ta ci gaba da aiki da shi biyu ne. Sauya katin fayafayai yana shafar fayafayai takwas a lokaci guda, babu yadda za a yi rabi yau rabi gobe. Ma'ana daga lokacin da aka rushe OSD na saba ɗaya har zuwa lokacin da aka gama cika su, gungun yana tsaye ne a kan kwafi biyu cur. In faifai ɗaya tak ya mutu a ɗaya daga sauran sabobin a wannan tsakanin, duk bayanan da ke kansa sun koma kwafi ɗaya, Ceph za ta dakatar da karatu da rubutu a kansu, VM ɗin da suka dogara da su su daskare. Duk haɗarin aikin yana cikin wannan tazarar, don haka tambayar farko ita ce yaya za a gajarta ta.

Ajiyar kowace saba terabayit 15.36 ce, an cika kusan kashi 60 cikin ɗari, wato kimanin terabayit 9.2 za a sake kwafowa a kowane zagaye. Layin gigabit 10 ba ya ɗaukar fiye da gigabayit 1.25 a daƙiƙa, ko da babu kowa a kansa. Raba 9,200 da 1.25, ka sami daƙiƙa 7,360, sama da awa biyu, kuma wannan lissafin takarda ne, domin layin ɗaya ne VM ke bi su kai ga ajiyarsu. A gigabit 25 lissafin ya sauko zuwa kusan minti 49. A aikace Ceph tana rage gudun kwafi da gangan don kada ta shaƙe masu aiki, amma bambancin yana nan: sabon layi ya fi faɗi, kuma VM ba ta kansa suke kai wa ga ajiyarsu ba. Saboda haka aka raba aikin zagaye biyu. A na farko katunan sadarwa kaɗai, a dukkan sabobi uku. Sai hanya ta buɗe sannan a taɓa fayafayai.

Faɗin gurbi ma an duba. Layi ɗaya na PCIe 3.0 yana ɗaukar kusan megabayit 985 a daƙiƙa, x8 ke nan kusan gigabayit 7.9. Ƙofa biyu na gigabit 25 sun haɗu gigabayit 6.25, sun shiga x8 da ɗan sarari, amma a x4 za su maƙale. Fayafayan SATA takwas, kowanne kusan megabayit 550, sun haɗu 4.4, HBA330 zai ɗauka ba wahala. Wuta ba matsala ba ce, kowane ɗaya daga katunan nan bai kai wat 25 ba. RAM ce aka fi yi wa lissafi, domin sabobi biyu ne za su ɗauki VM na uku: kowace OSD tana neman gigabayit 4, takwas sun ci 32, sai abin da tsarin aiki zai riƙe, saura shi ne gejin abin da za a iya kwashewa. VM ɗin gwaji da ba su da muhimmanci kashe su aka yi maimakon a matse sauran.

Ba a sayi suwic na gigabit 25 ba. Sabobi uku masu ƙofa biyu-biyu suna iya haɗuwa kai tsaye da kebul uku na DAC, gajeren kebul na tagulla, kowace ta riƙe 'yan'uwanta biyu, kamar murhu. Manhajar FRR aka sa ta kula da hanyoyi, ta yadda in kebul ɗaya ya lalace bayanai su zagaya ta saba ta uku. Iyakar wannan tsari a fili take: ranar da saba ta huɗu ta zo, ƙofofi sun ƙare, sai suwic.

Zagaye na farko, da saba da ta tashi kurma

Kafin a kashe kowace saba matakan ɗaya ne. A tabbatar ceph -s yana cewa HEALTH_OK, a sa sabar cikin yanayin gyara da ha-manager crm-command node-maintenance enable don VM su ƙaura kuma kada su dawo da kansu, a ba da ceph osd set noout. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci domin Ceph tana jiran daƙiƙa 600 ne kawai kafin ta fitar da OSD da ya yi shiru daga lissafi, kuma buɗe murfi da sa kati da kunnuwar R740xd sun fi minti goma. Sannan a tuna ƙuri'u: gungu mai ƙuri'a uku yana buƙatar biyu. Yayin da ɗaya take kashe, in wani ya zare kebul na Corosync daga ɗaya cikin biyun da suka rage bisa kuskure, dukansu sun rasa rinjaye, kuma sabar da ke riƙe da VM na HA, waɗanda gungu ke tayarwa a wata saba in tasu ta faɗi, za ta sake kunna kanta bayan daƙiƙa 60. Shi ya sa aka liƙa wa kowane kebul suna a bakinsa biyu tun ana gobe aiki, a bayan rak ɗin da kebul suka cuɗe ba a dogara da ido.

An kashe saba ta farko, an zare wayoyin wuta biyu, an danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar allo ta zube. Aikin ya faɗo a lokacin hunturu, iska a bushe, lokacin da mutum zai taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi a yatsa. Irin wannan tartsatsin ya isa ya raunana kati ba tare da ya kashe shi nan take ba, don haka igiyar hannu mai sauke caji ba ado ba ce, kati kuma ba ya barin ledarsa sai za a dasa shi. Tunda murfi a buɗe yake, an busa ƙurar da ta taru a fankoki da bakin fayafayai. An sa sabon katin a gurbi na 8 saboda shi ne mafi sauƙin kai hannu, aka rufe, aka kunna.

Sabar ta tashi, ta bayyana kore a jerin gungu, amma ko OSD ɗaya bai dawo ba, shafinta na gudanarwa ma ba ya buɗuwa. Zargi ya fara sauka a kan sabon katin, kuma ba shi da laifi. Da aka shiga ta allon iDRAC, na'urar Dell ta sarrafa saba daga nesa, aka ba da ip link, sai ga eno1 da eno2 sun zama eno1np0 da eno2np1. Sabar ta yi watanni ba a sake kunna ta ba, a tsakanin an yi ta sabunta manhaja, kanel 6.8 wanda ya zo da Proxmox VE 8.2 a Afrilun 2024 yana zaune yana jiran kunnuwa ta gaba. A wannan kanel ɗin direban i40e na X710 ya fara bayyana sunan ƙofa, systemd kuwa ya liƙa shi a ƙarshen suna. Fayil ɗin /etc/network/interfaces yana neman eno1, babu eno1, gadar da ke haɗa VM da ƙofa da Ceph suka tashi ba ƙafa. Ƙofofin I350 direbansu daban ne, sunansu bai motsa ba, shi ya sa Corosync ya ga sabar lafiya lau alhali ba ta da amfanin komai.

Gyaran gaggawa minti kaɗan ne, a sauya sunaye a fayil ɗin. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaure suna da adireshin MAC: fayil mai ƙarewa da .link ga kowace ƙofa a /etc/systemd/network, a sashen Match a rubuta MACAddress da Type=ether, a sashen Link a ba da sunan da ake so, wanda ya fara da en, misali en10g0 da en25g0. Type=ether ɗin nan kada a bar shi, domin gada ko bond, wato ƙofofin da aka haɗe wuri ɗaya, suna aron MAC na ƙofar da ke ƙarƙashinsu, in babu shi dokar tana iya kama su su ma. Sai update-initramfs -u -k all, don sunan ya kama tun farkon kunnuwa. Daga nan aka ƙara mataki a takardar aiki: kowace saba a ɗaure sunayenta, a sake kunna ta hannu rabbana ba tare da an taɓa ƙarfe ba, a ga ta dawo daidai, sannan a buɗe murfi. Kunnuwa ɗaya ce ta ƙaru, amma ita ke raba laifin manhaja da laifin kati. Da an yi canji biyu a kunnuwa ɗaya kamar yadda ya faru a sabar farko, lalube ake yi.

Saba ta biyu ta wuce ba labari. Ta uku kuwa ta tashi lafiya, sunaye daidai, amma lspci bai nuna sabon katin ba sam, kamar ba a sa komai ba. An cire an mayar, shiru. Dalilin yana cikin yadda aka raba layukan PCIe a wannan allo. Kowace CPU ta Xeon da ke shiga R740xd tana da layi 48. Na CPU ta farko su ne ke ciyar da gurbi na 1 zuwa na 3, da ƙaramin gurbin katin fayafayai, da katin sadarwar gida, da gurbi na 6. Gurbi na 4, 5, 7 da 8 duk daga CPU ta biyu suke sha. A sabar da babu CPU ta biyu waɗannan gurabe suna nan a ido, kati yana shiga ya zauna daram, amma babu abin da ke ƙarshen wayarsu. Kowa ya san sabar CPU ɗaya gare ta, abin da ba a yi ba shi ne haɗa wannan sanin da zaɓin gurbi, saboda saba ta farko kaɗai aka leƙa lokacin shiri, aka ɗauka sauran haka suke. Da an ba da dmidecode -t slot a dukkan ukun, an kuma buɗe teburin gurabe na littafin sabar, da ba a kai nan ba.

An mayar da katin gurbi na 2, ya bayyana. A gaskiya ma nan ne ya kamata ya zauna a dukkan sabobin. Katin fayafayai yana kan CPU ta farko, in katin sadarwa yana kan ta biyu, duk bayanin da ya fito daga faifai zai fita waje sai ya tsallaka layin UPI da ke tsakanin su biyun. Fayil ɗin numa_node da ke ƙarƙashin /sys/bus/pci/devices yana faɗin gidan kowane kati. Ba a sake kashe sabobi biyun farko don wannan kaɗai ba, an bar shi sai zagaye na biyu da za a buɗe su dama, kuma da yake an riga an ɗaure sunaye da MAC, sauya gurbi bai taɓa saitin komai ba.

Bayan kowace dasawa lspci -vv ake dubawa, a kwatanta LnkCap da LnkSta. Dole duka biyun su ce 8GT/s da x8. Katin da bai zauna sosai ba ba lallai ya ɓace ba, yakan tashi a x4 ko x2 ya yi ta aiki a rabin ƙarfi ba tare da ya koka ba.

Sauran abu biyu ƙanana ne amma suna cin lokaci. Ɗaya daga katunan uku ba mai tambarin Dell ba ne, iDRAC bai iya karanta zafinsa ba, sai ya ɗaga fankoki sama don kariya, ɗakin ya cika da ƙara. Ana iya saita yawan iskar kowane gurbi a iDRAC9, kuma abin da aka yi ke nan, aka ba shi adadin da takardar katin ta nema. Kashe kariyar gaba ɗaya don a sami shiru kuskure ne, katin ba shi da fanka tasa, kuma ɗakin da na'urar sanyaya shi ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba wurin rage iska ba ne. Manhajar cikin katunan ma sai an lura: na Dell da na NVIDIA, wadda ta sayi Mellanox a 2020, lambar PSID ɗinsu daban ce, mstflint yana nuna ta, kowanne daga gidansa ake sabunta shi. Na biyu shi ne layi ɗaya da ya ƙi tashi ko da kebul ɗinsa lafiya. A gigabit 25 dole bakin biyu su yarda a kan irin gyaran kuskure da za su yi amfani da shi, RS ko Base-R ko babu, kuma kebul na DAC mai mita 5 RS yake buƙata. ethtool --show-fec ya nuna saɓanin, aka kafa rs a dukkan ƙofofi shida. Sai MTU, wato girman ƙunshin bayanai mafi girma da layi ke ɗauka, aka kafa shi 9000, aka gwada da ping -M do -s 8972 daga kowace saba zuwa kowace, domin ƙaramin ping yana wucewa ko da MTU bai daidaita ba.

cluster_network kaɗai aka mayar sabon layi, aka sake kunna OSD saba bayan saba, ana jiran HEALTH_OK a tsakani. Ta nan kwafi da cikowa ke bi, su ne kuma ake buƙata. An bar public_network inda yake, don adireshin monita, masu riƙe da taswirar Ceph, a rubuce yake cikin taswirar monita, sauya shi aiki ne dabam da ke buƙatar rushe su ɗaya-ɗaya.

Zagaye na biyu

An bar mako guda sabon layi yana aiki kafin a ci gaba. A cikin makon aka karanta SMART na dukkan fayafayai 24, aka tabbatar babu PG, wato ƙungiyoyin da Ceph ke kasa bayanai cikinsu, mai saɓani bayan bincike mai zurfi, aka dawo da VM ɗaya daga madadin ajiya don a ga madadin yana buɗuwa da gaske. An kuma duba samfurin fayafayan, kuma wannan bincike yana iya soke aikin baki ɗaya. Ma'ajiyar PERC mai gigabayit 2 tana rufa wa SSD mai arha asiri: ita ke amsa rubutu nan take. In an cire ta, kowane rubutun da Ceph ta ce sai ya tabbata yana jiran faifan kansa. SSD na sabobi mai kafasito da ke kare rubutu idan wuta ta yanke yana amsawa da sauri kuma cikin aminci. Na kwamfutar gida ba shi da wannan, saurinsa a irin wannan rubutu yana faɗuwa warwas. Na wannan gungu duk masu kariya ne. Lokacin aiki ma an zaɓe shi nesa da sa'o'in da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, an kuma gwada UPS da lodi.

HBA330 iri biyu ne, ƙarami mai kwanciya a gurbinsa na musamman a kan allo, da babba mai shiga gurbin PCIe. PERC ɗin da ke ciki ƙarami ne, don haka ƙarami aka saya, kebul ɗin da ke zuwa allon bayan fayafayai bai canza ba. Wanda ya sayi babba zai nemi wani kebul kuma ya rasa gurbi. Kan kebul ɗin yana danne katin ne da sukurori biyu, a ɗaure su daidai-wa-daida, in ɗaya ya fi ɗaya matsewa wasu layuka ba za su haɗu ba.

Akwai jarabar a bar bayanan yadda suke, tunda faifan RAID 0 guda ɗaya yakan karantu a bayan HBA. Ba a bi ta ba. PERC yana ajiye bayanansa na RAID, masu suna DDF, a ƙarshen faifai, Linux kuma in ya gan su yakan haɗa faifan cikin md, RAID ɗinsa na manhaja, ya riƙe shi, ga kuma OSD ɗin da aka gina yana ɗaukar kansa faifai mai juyawa. Ginin da aka fara da tsabta ya fi. Don haka bayan an kwashe VM, aka kafa noout da norebalance da nobackfill, aka tsayar da OSD takwas aka rushe su, aka goge faifan RAID takwas daga cikin PERC tun yana ciki, sannan aka kashe saba aka sauya kati. Tutocin nan biyu na ƙarshe suna hana Ceph fara kai-kawo da bayanai tun taswira ba ta gama zama ba.

Wuri mafi haɗari a aikin hannu shi ne gogewa. Bayan sauya kati haruffan sda da sdb sun sake rabo, faifan tsarin aiki yana iya zama kowanne. lsblk -o NAME,MODEL,SERIAL,ROTA,SIZE ake bayarwa kafin kowane umarni, wanda samfurinsa ya ce DELLBOSS VD ba a kusantarsa. Sauran takwas a ga ROTA ya zama 0, a wuce da wipefs -a, sai ceph-volume lvm zap --destroy, sai blkdiscard don faifan da bai taɓa ganin TRIM ba ya san sararinsa ya zama fanko. In takwas ba su cika ba a tsaya a koma kan kebul. Gina OSD shida a saba mai nauyin takwas yana nufin shidan su ɗauki kayan duka: kashi 60 ya zama 80, dab da 85 inda Ceph ke fara gargaɗi, a 90 kuma cikowa take tsayawa.

A saba ta farko an gina OSD takwas, an sauke tutoci, duk sun nuna up da in, amma babu bayanin da ya motsa. ceph osd df ya nuna su fanko, PG suna nan a kwafi biyu, agogon haɗari yana tafiya. ceph osd tree ya warware: tsofaffin OSD suna ajin hdd, sababbi ssd. Tun farko PERC yana gabatar da faifan RAID a matsayin mai juyawa, Ceph ta sa su ajin hdd, wanda ya kafa gungun kuma ya ɗaure dokar CRUSH, mai yanke inda kwafin tafkin ajiyar VM za su sauka, da wannan aji. Yanzu da HBA ya faɗi gaskiya, dokar ba ta ga sababbin ba. Sauya doka a tsakiyar aiki, da kwafi biyu kacal, zai girgiza dukkan bayanai a lokacin da bai kamata ba. Sai aka bi gajeriyar hanya: ceph osd crush rm-device-class, sannan set-device-class hdd ga takwas ɗin, cikowa ta fara nan take. Wannan lakabi ne kawai na rabon bayanai, BlueStore, sashen OSD mai rubutu a faifai, yana zaɓar saitinsa daga abin da kanel ya ce game da faifan, don haka sababbin OSD sun ci gaba da aiki a matsayin SSD. A sauran sabobi biyu an ba da --crush-device-class hdd tun wurin pveceph osd create. Umarnin ceph osd crush rule dump guda ɗaya a makon shiri da ya nuna wannan.

Gudun cikowa a Ceph ta yanzu mClock, mai tsara layin ayyukan OSD, ke riƙe da shi, tun daga fitowar Ceph mai suna Quincy. Wanda ya saba ɗaga osd_max_backfills zai ga ba ta saurare shi ba sai ya buɗe izini na musamman. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da osd_mclock_profile zuwa high_recovery_ops da dare lokacin da masu aiki suka tashi, a dawo da shi da asuba. Saba ɗaya a dare ɗaya, sannan kwana guda cur na HEALTH_OK da VM a kanta kafin a taɓa ta gaba. Ta uku aka bari ƙarshe, PERC ɗin da aka cire kuwa an ajiye su cikin ledarsu da sunan sabar kowanne har aka gama.

Gyaran aji shi ne aikin ƙarshe, bayan kwafi uku sun cika ko'ina. An fara mayar da tafkin kan doka marar aji, aka jira motsin ya lafa, sannan aka sauya lakabin OSD 24 zuwa ssd. Allon bayan sabobin nan yana da ramin faifai 24, an cika takwas-takwas, kuma duk ta HBA ɗaya mai x8 suke bi: fayafayan SATA 14 sun kusa cinye gigabayit 7.9 ɗinsa, 24 za su nemi 13.2. Gurbi na 3 yana nan fanko a dukkan ukun, a kan CPU ta farko, an rubuta shi a takardar gungu a matsayin wanda ba a ba kowa.